Tafkin Bosomtwe: Ajin da Ba Shi da Allo

Wanda ya tashi daga Kumasi ya nufi kudu maso gabas, tafiyar kamar kilomita 30 ce za ta kai shi Tafkin Bosomtwe. Da an wuce Kuntanase sai hanya ta shiga gangara tana lanƙwasa, har ta sauke mutum a ƙauyen Abono, bakin ruwa. Tuddai ne suka kewaye tafkin ta ko'ina, kai ka ce ƙwarya ce aka girke aka cika da ruwa.

Masana sun tabbatar cewa wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin samaniya, shekara fiye da miliyan ɗaya da ta wuce, ya haƙa wannan rami. Faɗin ramin ya kai kilomita 10 da rabi, na ruwan kuwa kamar kilomita 8. A 2004 masu bincike daga ƙasashe daban-daban sun haƙa ƙarƙashin tafkin don nazarin duwatsunsa, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu. Mutanen Asante suna girmama shi ƙwarai. Har yau masunta kan wani faffaɗan katako suke hawa, wanda suke kira padua, suna tuƙi da hannu.

Duk wannan ana iya rubuta wa yara a allo, su haddace, su ci jarrabawa, su manta. Shi ya sa da muka kai 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, muka raba su ƙungiya huɗu, kowace da wayar malami guda don ɗaukar hoto. Muka kafa musu doka uku. Ta farko, kowane hoto a rubuta ranarsa da wurinsa a littafi. Ta biyu, a ajiye biro ko rula kusa da abin da za a ɗauka, don a san girmansa. Ta uku, kowane hoto ya zo da tambaya ɗaya. Ban da haka, ba a ɗaukar mutum sai da izininsa, ba kuma mai shiga ruwa.

Abin da na lura shi ne, yaron da aka ce ya kawo hoto da tambaya ba ya iya gudu. Dole ya tsaya, ya durƙusa, ya duba. Wata yarinya ta ɗauko hoton kwazazzabo ja a gefen wata gona da aka sare itatuwanta, ta rubuta: "Ina ƙasar nan ta tafi?" Wannan tambaya ita ce darasin ranar gaba ɗaya. Bosomtwe ba shi da kogin da ke fitar da ruwansa. Ruwan sama da ƙananan rafuka ke cika shi, zafin rana ke rage shi. Ke nan duk abin da ya gangaro daga tudu, ko ƙasa ce, ko maganin feshi, ko leda, a cikinsa zai zauna, kuma daga cikinsa ake kamo kifin da mutanen ƙauyukan ke ci suke sayarwa.

Amma hoto ɗaya labari ne kawai, biyu su ne shaida. Mun zaɓi wata bishiya a bakin ruwa, muka yi alama inda mai ɗauka ya tsaya. Idan aka koma lokacin hazo aka tsaya a wurin, aka jera hotunan biyu, yara da kansu za su auna yadda ruwa ya ja baya ko ya matso. Ajin baɗi su ɗora nasu. A haka makarantar da ba ta da ɗakin gwaje-gwaje take tara iliminta.

'Yan uwana malamai, kada kuɗin mota ya zama hujja. Wanda bai iya zuwa Bosomtwe ba, ga rafin Aboabo nan yana ratsa unguwanninmu cike da shara. A ɗauke shi daga gada ɗaya, farkon kowane wata, har shekara ta zagayo, a manna hotunan a bangon aji. Ranar taron iyaye a gayyaci sarkin zango da ɗan majalisar unguwa su gani, yara su yi bayani da bakinsu.

Ku kuma iyaye, in malami ya aiko neman aron waya na yini ɗaya, ko izinin fita da yaro, ku duba da idon rahama. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Allah ya ba yaranmu ilimi mai amfani, amin.