Kyamarar aljihu ko mai canjin lensi? Ga zare

1/ Tambayar da aka fi turo mini ita ce: "Malam, ina son fara ɗaukar hoto don sha'awa, ƙaramar kyamara zan saya ko babba mai canjin lensi?" Bari in amsa gaba ɗaya kowa ya samu. Ina da duka biyun, kuma ba hoto nake ci da shi ba, sha'awa ce kawai. Ku gyara zama.

2/ Mu fara fahimtar juna. Lensi shi ne gilashin nan na gaba, idon kyamara. A ƙaramar kyamara an haɗe shi da jikinta, yadda ka saye ta haka za ku rabu. A babbar kuwa kana murɗe shi ka cire, ka ɗaura wani. Nan ne DSLR take, da ƙanwarta marar madubi wadda ta fara fitowa a 2008.

3/ Amsata a taƙaice: kada ka tambayi wacce ta fi kyan hoto. Ka tambayi kanka wacce za ka riƙa fita da ita ranar Talata da yamma, ba biki, ba sallah, ba kowa ya gayyace ka. Yawancin hotunan da mutum ke so bayan shekara goma, a irin wannan ranar aka ɗauke su.

4/ Amma kafin nan, a bai wa babba haƙƙinta. Abin da ke karɓar haske a cikin kyamara sunansa sensa. Ka ɗauke shi kamar tarar ruwan sama: wani ya kafa baho, wani ya kafa kofin shayi. Ruwa ɗaya ya sauka, amma abin da kowa ya tara ba ɗaya ba ne.

5/ Ga girman nasu. Cikakken sensa milimita 36 ne a 24. Na tsakiya, APS-C, kusan 23.5 a 15.6. Wanda ake kira inci ɗaya, 13.2 a 8.8. Na ƙananan kyamarorin da muka saba gani a da kuwa kusan 6 a 4.5 ne. Ka ga cikakken ya ninka wannan na ƙarshen kusan sau 30 a faɗi.

6/ Da rana tsaka ba za ka ga bambancin sosai ba. Bari magariba ta yi, ko ka shiga zaure mai ƙwan fitila ɗaya. Nan ƙaramin sensa zai fara ba ka hoto mai tsakuwa-tsakuwa, fuska ta dame kamar kunu. Yawan megafiksel da aka rubuta a kwali ba ya maganin wannan.

7/ To amma fa "ƙarama" ba ta nufin ƙaramin sensa kullum. Sony RX100 ta 2012 inci ɗaya gare ta, kuma tana shiga aljihun kaftani. Ricoh GR III ta 2019 APS-C ce, irin sensan da ke cikin DSLR da yawa, amma nauyinta da batir gram 257 ne kacal. Kusan rabin ledar fiya wata ke nan.

8/ Haka Fujifilm X100 da ta fito a 2011: APS-C, lensi ɗaya tak mai milimita 23, ba ya jawo nesa, ba ya cirewa. Kana son abu ya matso? Kai za ka taka ka matsa. Mutane da yawa suna ganin wannan naƙasu ne. Ni a wajena shi ne malamin da ya fi koya mini inda zan tsaya.

9/ Ba ni kaɗai ba ne. Malick Sidibé na Mali, wanda aka karrama da babbar lambar yabo a Benis a 2007, da Brownie ya fara a 1956, ɗan akwati mai ido ɗaya. Daido Moriyama na Japan shekaru da dama da ƙaramar kyamara yake yawo a titunan Tokyo. Ido ne ke gaba, ƙarfe na biye.

10/ Yanzu maganar kuɗi, wadda masu talla ba sa son a yi. Sayen kyamara mai canjin lensi kamar sayen doki ne. Kuɗin dokin shi ne mafi sauƙi. Akwai sirdi, akwai linzami, akwai harawa da dusa kullum. Lensin da ke zuwa da ita, mai 18 zuwa 55, wata uku za ka yi ka fara hango wani.

11/ Sai ka ce bari in sayi 50 mai buɗewa f/1.8 don bayan mutum ya narke. Daga nan sai mai jawo nesa. Sai jaka. Sai filashi. Kuma lensin Canon ba ya hawa Nikon haka kawai, kowane kamfani da bakinsa. Ko a gida ɗaya, a 2018 Canon da Nikon duk sun fito da sabon baki, tsohon lensi sai da mahaɗi.

12/ Ma'ana dai, ba kyamara ka saya ba, gida ka shiga, da surukai da dangi. Wanda yake da hali kuma yake son wannan hidimar, daɗi gare ta, ni ma ina jin daɗinta. Amma ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci da ya yi wata shida yana tara kuɗi, ya kamata a faɗa masa wannan tun kafin ya biya.

13/ Kada kuma a ɗauka ƙaramar arha ce. Waya ta kashe kasuwar masu arhar. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori kusan miliyan 121, a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Ƙananan da suka rage yawanci na masu kuɗi ne. X100VI ta 2024 a kan dala 1,599 ta fito, kuma har layi ake bi.

14/ Saboda haka sau da yawa tsohuwar DSLR ta hannu da lensinta ta fi sabuwar ƙaramar kirki sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Wannan ma gaskiya ce. Ga batir: Nikon D3500 an auna ta da hoto 1,550 a caji ɗaya, GR III kusan 200. A inda wuta take zuwa ta tafi, ba ƙaramin abu ba ne.

15/ Sai ƙura. Duk wanda ya taɓa canja lensi a fili lokacin hunturu ya san zancen. Daƙiƙa biyar cikin kyamara yana buɗe, sai ka dawo gida ka ga ɗigo-ɗigo a sararin samaniyar kowane hoto, a wuri ɗaya. Ni daga Disamba zuwa Fabrairu a ɗaki nake zaɓar lensi, in na fita ba na taɓa shi.

16/ Ƙaramar ma ba ta tsira ba. Mai lensin da ke fitowa yana komawa, iska take shaƙa, da ƙurarta. Bambancin shi ne babbar za ka iya cire lensi ka hure sensan da ɗan famfon roba. Ƙaramar in ƙura ta shige, sai an kwance ta, kuma mai gyaran da zai iya ba a kowane gari yake ba.

17/ Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda ba a rubuta shi a kwali: yadda mutane ke kallonka. In na rataya babbar na shiga kasuwa, kafin in ɗaga ta an fara: "Ɗan jarida ne?" "Wace ƙungiya ta turo ka?" Mai nama ya gyara hula, yara su taru suna ɗaga yatsu biyu. Kasuwar da na zo gani ta watse.

18/ A gidan suna ko ɗaurin aure kuwa na zama ma'aikaci. "Mai hoto, zo ka ɗauke mu!" Ban ci abinci ba, ban gaisa da kowa ba, ga mutum arba'in na jiran in tura musu a WhatsApp kafin dare. In da ƙaramar na je, ɗan'uwa ne ni da ya zo biki, wanda ke ɗan ɗaukar hoto jefi-jefi.

19/ Kakata ba ta son babbar ko kaɗan. Da ta gan ta sai ta ja mayafi ta daure fuska kamar za a yi mata katin zaɓe. "Kai dai da wannan bindigar taka," haka take cewa. Ƙaramar kuwa ba ta ɗauke ta a bakin komai ba. Da ita na samu hotonta tana tsince shinkafa tana dariya. Ta rasu bara. Allah Ya jiƙanta.

20/ A ma'aunin masana wannan hoton ba wani abu ba ne, akwai duhu a gefe, hannunta ɗaya ya ɗan motsa. Amma shi ne wanda 'ya'yanta duka suka sa aka wanke musu. Ranar babbar tana gida cikin jaka, domin gaisuwa kawai na je yi. Abin da nake nufi da ranar Talata ke nan.

21/ Sai dai a kiyaye: ƙanƙantar kyamara ba lasisin satar hoton mutane ba ce. Ko a marinar Ƙofar Mata ko a Kasuwar Kurmi, sallama nake fara yi, a gaisa, in nemi izini. Wanda ya ce a'a, shi ke nan. Mata da yaran mutane kuwa ba na ɗauka in watsa ba da yardar masu su ba.

22/ To yaushe babbar ba ta da madadi? Hawan Daushe. Kana can bayan jama'a, dawaki sun taho a guje za su yi jahi, ƙura ta tashi, rana ta yi ƙasa. Nan kana buƙatar lensi mai kaiwa 200 ko 300, da kyamarar da ke kama abu mai gudu. Mai ido ɗaya sai dai ta ɗauko maka ƙeyar mutane.

23/ Haka tsuntsayen dausayin Haɗeja da Nguru, ko giwayen Yankari, ko ƙwallo. Abin da ba zai tsaya ka matso ba, ko wanda matsowar hatsari ce. Akwai masu lensi a haɗe da ke jawo nesa sosai, kamar Nikon P1000 mai ninki 125, amma nauyinta ya kusa kilo ɗaya da rabi, sensanta kuma ɗan kofin shayin nan ne.

24/ Wani zai ce, "To wayata fa?" Tambaya ce mai kyau. In wayarka ta zamani ce, ƙaramar kyamara mai ɗan mitsitsin sensa ba za ta ƙara maka wani abin kirki ba. In za ka sayi ƙarama, nemi mai inci ɗaya zuwa sama. In ba haka ba, riƙe kuɗinka. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

25/ Ga gwajin da nake ba kowa. Buɗe wayarka ka duba hotuna 100 na ƙarshe da ka ɗauka da kanka. In yawancinsu iyali ne, abokai, titi, abinci, tafiya, ƙarama ce taka. In kuwa kullum kana jawo abu da yatsu har hoton ya fashe, ko kana shirin fara karɓar aikin biki, je ka ga mai canjin lensi.

26/ In ta hannu za ka saya: haska tocila cikin lensin ka duba ko akwai zare-zare kamar yanar gizo-gizo, fumfuna ce ta damina. Ɗauki farin bango ka duba ɗigo. Tambayi adadin hotunan da ta taɓa ɗauka. Tabbatar ana samun batirinta da cajarta a kasuwa. Kada ka biya sai ka gwada da memorinka.

27/ In kuma babbar ka zaɓa, shawarata ka yi shekara guda da lensi ɗaya kafin ka ƙara wani. Henri Cartier-Bresson kyamararsa tana canja lensi, amma kusan duk rayuwarsa da 50 ya yi aiki. A shekarar nan za ka gane da kanka abin da kake rasawa, ba abin da wani ya ce kana rasawa ba.

28/ Ni dai babbar tana fita sau shida ko bakwai a shekara, kuma duk ranar da ta fita tana biyan kuɗinta. Ƙaramar kullum tana aljihu tare da makulli. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Masu kyamara, ku faɗa mana wacce kuke riƙe da ita, da kuma yaushe rabonku da fita da ita. Amsa ta biyun nake jira.