Ranar da gilashi ya ɓoye mini Baba a Matan Fada

A watan Maris na 2020, da bikin kamun kifi na Argungu ya dawo bayan kimanin shekara goma, na taso daga Birnin Kebbi da kyamara da gilashin jawo nesa kusa, mai milimita 70 zuwa 300, wanda na saya na hannu da araha. Burina in ɗauki bidiyon mahaifina yana faɗawa kogin Matan Fada da gora da koma, a bikin da aka soma tun 1934.

"Ka matso kusa, ɗan nan," in ji shi. Na ce, "Baba, ko daga nesa wannan gilashin zai kamo ka."

Da aka harba bindiga, dubban masunta suka ruga cikin ruwa, na murɗa gilashin har ƙarshe. Sai na gane cewa yadda yake girmama hoto, haka yake girmama rawar hannu. Numfashina kaɗai ya isa ya karkaɗa kogin gaba ɗaya. Ga shi irin wannan gilashi, da zarar an jawo hoto, saitinsa kan goce. Na bar wa kyamara ta nemo saitin da kanta, ita kuwa ƙura da ƙyallin ruwa suka ruɗe ta, tana kama gorar wani, tana sakin fuskar Baba. Abin da na koma da shi gida dishi-dishi ne.

Daga baya wani tsohon mai ɗaukar hoto ya koya mini abin da ya kamata: in tsaya a gajeren zango na gilashin, in tsuke ƙofar haskensa zuwa f/8 domin na kusa da na nesa su fito sarai, in saita da hannu tun kafin a fara, in manne gwiwar hannuna a haƙarƙari, sannan in taka da ƙafata in matsa.

Ba na zargin araha, domin yawancin matasanmu masu ɗaukar biki da suna abin da aljihunsu ya kai ke nan. Laifina shi ne na ɗauka gilashi zai yi mini tafiyar da ƙafa ya kamata ta yi.

Baba bai sake shiga Matan Fada ba. Allah ya jiƙansa. Har yau nakan kalli bidiyon, ina neman wanda yake shi a cikin inuwoyin.