Injin Da Ya Cinye Mini Kuɗin Buga Littafi

Masu karatu ku gafarce ni, shirun da kuka ji ba ƙarewar labari ba ce. Kuɗin da na ware don buga kashi na 3 a Kano, wani ɗan inji ne ya lashe su.

Tun ina yaro a Unguwar Ya, in muka shiga Birnin Kudu sai an janye ni daga wajen masu zuba tukwanen alminiyam. Bana na ce sai na ƙera inji da hannuna, ko da bai fi tafin hannu ba. Na sayo tsofaffin fistin a Ƙofar Ruwa, na narka su da gawayi da zuga-zugi. Sai zafi ya kai digiri 660 alminiyam ke narkewa, wannan na sani. Abin da na raina shi ne laimar yashin da ake zubawa a ciki. Na jiƙa shi da yawa, tururi ya taso, silindar ta fito duk ramuka kamar gara ta ci. Sau huɗu ina sakewa, na huɗun ya fallatso mini a hannun dama, hannun rubutu.

Maman yara ta shafa mini zuma, ta ce, "Malam, shi injin ne zai biya kuɗin makaranta?"

Ban ba ta amsa ba. Na biyar na nan ƙarƙashin gado, ina goge shi da magagari in ta yi barci.