LAKWAJA: GARIN DA KAKATA TA CE BA ZA TA TAKA BA

A wannan fitowar ina tafe muku da labarin wata tafiya da na yi zuwa Lakwaja, babban birnin Jihar Kogi, ni da kakata Hajiya. Ban taɓa yin tafiyar da ta tsaya mini a rai kamarta ba.

Kafin na shiga labarin garin, bari na fara gaya muku abin da ya kai mu. Yayata ce aka yi wa aure shekara biyu da suka wuce, mijin ma'aikaci ne a can. Tun ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa Hajiya ta ɗaure fuska, ta ce ita ba ta ƙi yaron ba, garin ta ƙi. Wai Lakwaja gari ne mai cin mutane, wanda ya tafi ba ya dawowa. Dalilinta kuwa shi ne kakanta na wajen uba yana cikin barorin da suka bi Sarkin Kano Alu lokacin da Turawa suka kai shi can, ya bar matarsa da cikin mahaifin Hajiya, har ya koma ga Allah bai ga ɗansa ba. Aka yi biki aka gama Hajiya ba ta ce uffan ba, ranar kai amarya ma ɗakinta ta shige ta turo ƙofa. Wannan abu ya daɗe yana cin Yaya a rai, duk wayar da za mu yi sai ta ce, "Har yanzu Hajiya ba ta huce ba?"

Ana nan sai Allah Ya sauki Yaya lafiya, ta sami ɗa namiji. Ana shirin tafiya suna, daren da za mu tashi, sai ga Hajiya ta fito da 'yar jakarta da ƙullin daddawa da kuka. Umma ta ce, "Hajiya ina zuwa?" Ta ce, "Ba wajen 'yarki za ni ba, kabarin kakana zan nema." Muka kalli juna, kowa ya yi gum.

Da asuba muka bar Kano, muka bi ta Zariya, Kaduna, Abuja, Gwagwalada, Abaji har Koton Ƙarfe. Muna hawa gadar Murtala Muhammed da ke Jamata na leƙa ta taga, wallahi sai da gabana ya faɗi, domin kuwa ni da na saba da rafin damina ban taɓa ganin ruwa mai faɗin Kogin Kwara ba. Direba ya ce mana a ambaliyar 2012 da ta 2022 ruwan nan ya hau titi, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Hajiya dai carbinta kawai take ja. Mun baro Kano da rigar sanyi, amma muna shiga Lakwaja muka jiƙe sharkaf da gumi, don garin a kwari yake tsakanin dutse da kogi, zafinsa mai danshi ne.

Yaya na ganin Hajiya ta fashe da kuka ta durƙusa. Hajiya ta amsa gaisuwa a daƙile, ko jaririn ba ta karɓa ba, ta ce ta gaji.

Kashegarin suna mijin Yaya ya ɗauke mu zaga gari. Muka fara da Dutsen Patti, wanda ya yi wa garin rumfa. Hanyar mota ce mai lanƙwasa kamar maciji, ina ta salati har muka kai ƙoli. A can sama akwai wani ɗan gida da Gwamna Lugga yake zuwa shan iska. Ni da na zaci zan ga fada, sai na ga ɗan ƙaramin gini wanda gidajen masu kuɗin yanzu sun fi shi nesa ba kusa ba. Amma fa idan kika tsaya a gabansa kika kalli ƙasa, za ki gane dalilin da ya sa Bature ya zaɓi wurin. Ga garin nan gaba ɗaya kamar a tafin hannu, ga Kwara ta gangaro daga hagu, ga Binuwai ya ɓullo daga gabas, sun haɗu sun zama ɗaya sun nufi teku. Duk jirgin da zai shiga Arewa ta ruwa sai ya bi ta ƙarƙashin idon wanda ke zaune a nan.

'Yan makaranta ku buɗe kunne, don wannan yana fitowa a jarrabawa. A Lakwaja ne ranar 1 ga Janairu, 1900 aka sauke tutar kamfanin ciniki na Royal Niger aka ɗaga tutar Ingila, Lugga ya zama shugaban mulkin mallaka na Arewa. Daga baya aka mayar da hedkwata Zungeru a 1902, sannan Kaduna. Mutanen garin suna alfahari da cewa a kan dutsen nan Flora Shaw, wadda Lugga ya aura a 1902, ta kalli kogi ta raɗa wa ƙasarmu suna Nijeriya. Abin da yake a rubuce dai shi ne a jaridar Times ta Landan ta fara kawo sunan a 1897. Da na faɗa wa Hajiya cewa mace ce ta sa wa Nijeriya suna, sai ta taɓe baki ta ce, "Shi ya sa ba a yanka rago ba." Ranar ce farkon da na ji ta yi raha tun barinmu gida.

Da muka sauko muka biya ta makarantar firamare ta Holy Trinity, wadda Bishop Samuel Ajayi Crowther ya kafa a 1865, ita ce ake lissafawa a matsayin firamaren boko ta farko a Arewa. Shi kansa Crowther an taɓa kama shi bawa yana yaro kafin a 'yanta shi. A nan kusa aka nuna mana wasu ƙarafa da ake kira Ƙarfen 'Yanci, wai a zamanin da duk bawan da ya gudo ya taɓa su ya zama ɗa. Na sa hannu na taɓa, na tuna cewa cikin masu gudowar nan akwai 'yan mata sa'o'inmu waɗanda aka raba da iyayensu, sai na ji idona ya kawo ruwa. Mun kuma ga maƙabartar Turawa, inda sojoji da 'yan mishan da ma'aikatan kamfani suke kwance, da yawansu samari ne da zazzaɓi ya kashe. Hajiya ta daɗe tana kallon duwatsun, can ta ce, "Ashe su ma garin ya ci nasu. Su ma suna da uwaye a wani wuri."

Sai bayan la'asar muka isa unguwar Kabawa, inda sarakunan da Turawa suka tuɓe suke kwance. Nan Sarkin Kano Alu yake, wanda ya yi sarauta daga 1894 zuwa 1903, aka fara kai shi Yola, sannan Lakwaja, ya rasu a 1926. A garin nan kuma Sarkin Zazzau Kwasau ya ƙare rayuwarsa, haka ma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, sarkin nan mai rubuta waƙoƙi. Ba wani gini na a-zo-a-gani, ba dogarai, ba algaita. Mutumin da Kano take rawa idan ya hau doki, ga shi yara na wasa a kusa da makwancinsa.

Unguwar kuwa sai ki rantse a cikin birnin Kano kike, Hausa ake yi rangaɗaɗau, ga Nufawa ga Yarabawa ga Igala ga Igbira duk an cakuɗu. Wani dattijo ya taso ya tarbe mu. Hajiya ta faɗi sunan kakanta. Ya yi shiru yana tunani, sannan ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, kabarin bara ba a sa masa alama. Amma waɗanda suka biyo sarakunan nan ba su watse ba, a nan suka zauna, a nan aka binne su, mu ne jikokinsu. Duk inda kika tsaya a unguwar nan kika yi addu'a, ta isa gare shi."

Hajiya ta zauna a ƙasa, ta ɗaga hannu. Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. Ta yi wa Sarki addu'a, ta yi wa kakanta, ta yi wa kakarta da ta mutu tana jiran mijin da bai dawo ba. Matan gidan dattijon suka fito da ruwa da tabarma, suna ta "Sannu Hajiya, ai gida kika zo." Kafin mu tashi sai da suka cika mana leda da busasshen kifi.

Da muka koma gida Yaya na zaune tana shayarwa. Hajiya ko mayafi ba ta cire ba ta ce, "Ke, miƙo mini angon nan nawa." Ta karɓe shi, ta taɓa kunnensa kamar yadda ake yi wa tattaɓa-kunne, ta tofa masa addu'a. Sannan ta dubi Yaya ta ce, "Allah Ya yi miki albarka, Ya zaunar da ke lafiya a ɗakinki. Ashe ba a cikin baƙi kike ba." Yaya ta kifa kanta a cinyar Hajiya tana kuka, ni ma ina yi, Umma ma tana yi, mijin Yaya ya sulale waje.

Shawarata ga duk wadda Allah Ya kai ta Lakwaja: ki tafi da kaya marasa nauyi saboda zafi, ki hau Patti da sassafe, kuma idan za ki shiga kwalekwale ganin mahaɗar ruwa kada ki yarda sai da rigar kariya. Sannan kafin ki tafi ko'ina, ki zauna da kakarki ki tambaye ta labarin gidanku tun tana da rai.

Hajiya dai ta ce da azumi za ta koma, wai angonta ya yi kewarta.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.