Ƙwallon Ƙarfe da Maganaɗisu a Bayan Kujerata

Tun ranar da na sa hoton motata a gefen titi da but a buɗe, 'yan uwa suke ta tambayata abin da ya faru. Na ga gara in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, domin amsar layi biyu ba za ta wadatar ba, kuma akwai wata shawara da aka yi ta ba ni wadda ta tsaya mini a rai. Mai sauri ya yi haƙuri, zancen da ɗan tsawo.

Motar MGF ce, 'yar ƙaramar motar gudu mai kujera biyu da rufin tamfol, irin wadda aka fara fitarwa a 1995 daga masana'antar Longbridge da ke kudancin Birmingham, garin da nake zaune. Kamfanin da ya ƙera ta ya durƙushe a 2005, amma motocin suna nan, kuma ba su da tsada. Injinta mai lita 1.8 ba a gaba yake ba. Yana bayan kujeru, kafin a kai ga but, tankin mai kuma yana tsakanin kujerun da injin. Wato idan kana tuƙi, fetur yana jingine da bayanka.

Yammacin wata Asabar ce, an yi ruwa, ruwan ya rufe wani rami a titi. Tayar baya ta faɗa ciki, na ji gwaf! Injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Na gangara gefe. Fitilu suna kamawa, kik yana juyawa lafiya lau, amma mota ta ce ba da ita ba. Na duba fis ɗaya bayan ɗaya, duk garau. Daga nan na kira maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a waccan masana'anta. Bai tambaye ni komai ba sai abu ɗaya: in murɗa makulli ba tare da na yi kik ba, in kasa kunne a bayan kujera, ko zan ji famfon mai yana ɗan kuka na daƙiƙa biyu. Na saurara. Tsit.

Ya ce in zare makulli, in fita, in zagaya motar ina shinshinawa, in durƙusa in leƙa ƙarƙashinta ko mai yana ɗiga. Sai da na tabbatar masa sau biyu babu warin fetur sannan ya gaya mini sauran. Na buɗe but, na cire ragar da ke saman inji, na cusa hannu ta gefen hagu cikin zafi da duhu, na laluba har na taɓa wani ɗan baƙin akwati da bai wuce kwalin ashana ba, mai hular roba a kansa. Na danna, ya ce ƙas. Na murɗa makulli, famfo ya yi kukansa, mota ta tashi kamar ba ita ba.

Abin da ke cikin akwatin nan ya burge ni ƙwarai, saboda sauƙinsa. Ɗan ƙwallon ƙarfe ne, irin na boris, zaune a gindin wani ɗan mazurari, maganaɗisu yana riƙe da shi daga ƙasa. Birki, kwana, gargada ta yau da kullum, duk ba sa motsa shi. Amma idan motar ta sha duka mai ƙarfi, ƙwallon sai ya kuɓuce wa maganaɗisun, ya haura gefen mazurarin, ya doki wani ɗan ƙarfe, wutar da ke zuwa famfon mai ta yanke. Ba za ta dawo da kanta ba sai mutum ya danna da yatsa. Babu kwamfuta, babu komai. Da yake mazurarin zagayayye ne, ko ta ina dukan ya zo, gaba ko baya ko gefe, ƙwallon zai ji.

Me ya kawo buƙatarsa? A zamanin kafireta, yawancin motoci inji ne ke juya famfon mai, da ya mutu famfo ya tsaya. Da injekta ta shigo, sai famfo ya koma na lantarki, galibi a cikin tanki, yana tura mai da ƙarfin da ya fi na iskar da ke cikin tayar motar, kuma yana iya fitar da fiye da lita ɗaya a minti ɗaya. A ce an yi karo, bututu ya tsage, direba ya suma ko ƙofa ta maƙale, makulli yana kunne. Fetur zai yi ta feshi a kan salansa mai zafi. Gaskiya ne kwamfutar mota tana kashe famfo idan ta ga inji ya daina juyawa, amma ba kowane karo ne ke kashe inji nan take ba. Ɗan ƙwallon nan ba ya jiran inji. A wasu motocin Rover da Jaguar ma, faɗuwarsa ce ke buɗe makullan ƙofofi don masu ceto su samu shiga.

Wahalar ita ce kowane kamfani da inda yake ɓoye nasa. Ford takan sa shi a cikin but ko a gefen ƙafar fasinja, da jan maɓalli a kai. A Jaguar XJS yana jikin ginshiƙin ƙofar gaba. A Caterham Seven sai ka cire bonet. Yawancin Toyota ba su da shi sam, kwamfuta ce ke wannan aiki, sababbin motoci kuma sun miƙa shi ga na'urar da ke fasa balan-balan ɗin kariya. Don haka littafin motar ne farkon abin dubawa. Idan ka samo wani akwati kana shakka, yawanci yana da ƙafa biyu ko uku, yana tsaye da maɓallinsa a sama, ɗaure da noti biyu a jikin ƙarfen mota. Kwance shi, sa mita a ƙafafunsa biyu masu waya, za ka ga wuta tana wucewa. Buga shi a tafin hannunka da ɗan ƙarfi, ta yanke. Danna, ta dawo. Shi ke nan, ka same shi.

Yanzu ga abin da ya sa ni rubutun. Mutum fiye da ɗaya ya ce mini: "Kai dai ka yi masa dairek ka huta." Na san wannan kalma tun ina yaro a Kaduna. Peugeot 406, wadda aka yi ta harhaɗawa a garin, tana da irin wannan maɓalli a ƙarƙashin bonet, kuma da idona na ga an zare soket ɗinsa a wani gareji, an haɗe wayoyin biyu, an naɗe da salatif, mai mota ya biya yana godiya. Ban ga laifin mai motar ba, titinmu ne ya gajiyar da shi, kullum rami, kullum mota ta mutu. Shi ma mai gyaran so yake ya sallami mutum cikin daɗin rai. Amma abin da aka cire ɗin nan ba ya aiki sai a rana ɗaya tak, ranar da babu mai iya miƙa hannu ya kashe makulli. Wanda zai sayi motar nan gaba ba zai taɓa sanin an cire ba. Matarsa da za ta kai yara makaranta ba za ta sani ba. Wannan ne ya sa na kasa.

Da muka kwance nawa da safe, ni da dattijon, sai ga dalili a fili: noti ɗaya ya saki, tsatsa ta ci gindin ɗayan, akwatin yana rawa a wurinsa. Ƙaramin duka sai ya zame masa babba. Lafiyarsa ƙalau, mazauninsa ne ya lalace.

Niyyata ta farko in dawo da shi cikin mota, kusa da birkin hannu, inda zan danna ina zaune. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce da yana kusa da hannuna jiya, da na danna tun kafin in san ko bututu ya fashe. Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa. Nisan da aka sa tsakaninsa da direba yana tilasta maka ka fita, ka zagaya, hancinka ya yi aikinsa. Ban da haka, robobin cikin mota suna lanƙwasa suna shanye duka, ko kuma su yi ta karkarwa su yaudare shi. Masu ƙera motar sun auna ƙarfin maganaɗisun ne da wurin da suka ɗaure shi, saboda haka duk nisan da ka yi da wurin, kana nisa da awonsu.

Sai muka tsaya a tsakiya. Muka matso da shi kaɗan kawai, ɓangaren hagun dai, zuwa jikin ƙarfe mai kauri ta cikin but, a can sama inda kaya ba za su doke shi ba, inda hannu zai kai ba tare da an cire raga ko an ƙone da zafin inji ba. Muka fara cire kan batir, wanda a wannan mota yake gaba. Muka tsayar da akwatin a miƙe cak kamar yadda yake a da, domin in ya karkata, ƙwallon zai riƙa kuɓucewa da sauƙi ta wani gefe, ya yi nauyi ta ɗaya gefen. Noti biyu sababbi, babu roba ko soso a ƙarƙashi. Wayar da muka ƙara kaurinta ɗaya da ta asali, saboda a motoci da yawa duk wutar famfo ta nan take bi, siririyar waya kuwa zafi za ta yi. Muka like mahaɗin da dalma, muka rufe, muka sa zoben roba a hudar da wayar ta ratsa don kada bakin ƙarfe ya yanke ta, muka ɗaure ta nesa da salansa.

Gwajin ƙarshe shi ne ya kwantar mini da hankali. Mota tana kunne a tsaye, dattijon ya ƙwanƙwasa akwatin da ƙotar sukudireba. Injin ya ja daƙiƙa kaɗan da ragowar man da ke bututu, ya mutu. Na danna, ta tashi. Muka bi ta titin da ya fi kowanne gargada a unguwar, ba ta ko yi tari ba.

Da yamma na kira uwargida wajen motar, na nuna mata wurin, ta danna da kanta ta ji ƙarar. Sannan na rubuta a 'yar takarda, da Hausa da Turanci, na maƙala a cikin murfin but: a zare makulli, a zagaya a shinshina, a leƙa ƙasa, in akwai warin fetur kada a taɓa, a nisanci motar a kira taimako.