Kwana Uku Bisa Babur A Kwarin Binuwai

Daga ƙarshen watan Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, watau sa'ad da damina ta ɗauke, hazon hunturu kuwa bai riga ya sauko ba, babu lokacin da ya fi dacewa mutum ya ga kwarin kogin Binuwai. Ciyawa ba ta gama bushewa ba, dawa ta sunkuyar da kai, shinkafa ta yi ja a fadamu, ana hango duwatsu tangaran daga nesa. Wanda ya bi hanyar a cikin mota, barci da hira su ne rabonsa. Amma mai babur, shi ne ke shaƙar ƙanshin kaka, shi ne kuma ke jin kowane rami a ƙashin bayansa.

Tafiya daga Yola zuwa Makurdi ta haura kilomita 500. Mai hankali yakan raba ta kwana uku, ya tashi bayan sallar asuba, ya sauka tun rana ba ta faɗi ba, domin tafiyar dare a wannan hanya ganganci ce. Wajibi ne kuma ya tambaya kafin ya shiga manyan garuruwa, gama a lokuta dabam-dabam hukumomi sun taƙaita hawan babur a cikinsu saboda tsaro.

Daga Yola zuwa Numan

Binuwai ya taso ne daga tsaunukan Adamawa na ƙasar Kamaru, ya ratsa Garwa, ya shigo Nijeriya, ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,400 kafin ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Kusa da gaɓarsa Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841. Shekara goma bayan haka Bature mai yawon bincike Heinrich Barth ya iso garin, a 1854 kuma jirgin Likita Baikie ya hauro kogin daga teku. Tun daga nan Turawa suka gane cewa wannan ruwa hanya ce ta ciniki.

Tsakanin Jimeta da Numan kimanin kilomita 60 ne, ta Ngurore da Demsa, ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai giginya da garken shanu. A nan mai babur ke koyon darasinsa na farko: manoma kan shanya masara da shinkafa a gefen kwalta, wanda kuwa ya taka shanya da gudu, to, sai dai wani ya ba da labari.

A Numan, ƙasar Bachama, kogin Gongola ke zubowa cikin Binuwai. Ya kamata matafiyi ya hau gada da hantsi ya dubi mahaɗar: kwale-kwalen masunta, tsibiran yashi da suka fara leƙowa, da mata masu ƙyafa kifi a bakin ruwa. Daga arewa akwai gonakin rake na kamfanin sukari, waɗanda ke shan ruwa daga madatsar Kiri. Duk inda ruwa ya janye yakan bar laka mai albarka. Manomi na son ta domin noman rani, makiyayi na son ta domin ɗanyar ciyawa. Wannan ƙasa mai daɗin kallo ita ce aka zubar da jini a kanta a ƙarshen 2017, abin da mutanen yankin ba su manta ba.

Inda hanya ta rabu da kogi

Daga Numan hanya takan yi kudu maso yamma zuwa Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba tun 1991. Kogi ya ɓace daga ido, sai duwatsun ƙasar Mumuye suka tsaya a hannun hagu, ga kunyoyin doya har gindinsu. Ruwan damina yakan bar kwalta da ramuka, saboda haka mai faci ya fi kowa daraja a wannan yanki. Wanda ya fito ba tare da tif na ajiya ba, bai kuma duba sarƙar babur ɗinsa ba, zai tura shi da ƙafa cikin rana.

Rana ta biyu ita ce mai tsawo, kusan kilomita 200 zuwa Wukari ta Mutum Biyu da Tella. Ko da yake ba a ganin Binuwai, ana ƙetare 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, manyansu su ne Taraba da Donga. A nan ne mutum zai gane cewa ran hanyar duka yana rataye ne a kan gadoji. A watan Agustan 2024 ambaliya ta karya gadar Namnai a ƙaramar hukumar Gassol, sai babbar hanyar da ta haɗa arewa maso gabas da kudu ta koma hannun masu fito. Manyan motoci suka yi cirko-cirko da kaya, mai babur kuwa aka ɗaga abin hawansa aka aza cikin jirgi kamar tunkiya.

Wukari gari ne na Aku Uka, sarkin Jukunawa magada Kwararrafa. A cikinsa akwai Abakwariga, zuriyar Hausawan da suka zauna tare da Jukunawa tun zamani mai nisa. Daga nan ya kyautu a ratse arewa zuwa Ibi, domin a sake gaisawa da kogin. Ibi ta taɓa zama babbar tashar Kamfanin Neja a kan Binuwai. A da, idan ruwa ya cika, jiragen kamfanoni kan hauro har Yola da Garwa, su sauke gishiri da tufafi, su ɗebi gyaɗa da auduga. Yau babu wannan. Yashi ya cike mashigai, ciniki ya koma kan kwalta, aka bar kogin da masunta da masu fito.

Zuwa Makurdi

A rana ta uku ƙasa takan sauya kama. An shiga ƙasar Tibi, ga lemo da rogo, ga kasuwar doya ta Zaki Biam wadda ke cikin mafiya girma a Nijeriya, inda fatake daga arewa da kudu ke lodi. Bayan an ƙetare kogin Katsina-Ala an wuce Gboko, sai Makurdi, inda tsohuwar gadar jirgin ƙasa da aka buɗe a 1932 take tsaye. Da la'asar, idan rana ta kwanta bisa ruwa, gajiyar kwana uku takan gushe.

Amma wanda ya lura da bangayen gidajen bakin kogi, zai ga zanen da ruwa ya bari. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600. Akan ɗora laifin a kan sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka gama a 1982. Gaskiya ne tana da hannu, amma ba ita kaɗai ba ce: akwai ruwan sama mai yawa, da ƙananan koguna marasa madatsa, da yashin da ya rage wa kogin zurfi. Madatsar Dasin Hausa kuwa, wadda aka tsara a Adamawa domin tare wannan ruwa, shekaru sun shuɗe ba a kammala ta ba.

Abin da matafiyi zai koma gida da shi ke nan. Kogin da ya ciyar da Bachama da Fulani da Jukun da Tibi da Hausawa, ba a tunawa da shi sai ya yi ɓarna. Lalle ya kamata hukuma ta dubi yashe shi, da gyaran gadojinsa, da gargaɗin mutanen gaɓa a kan kari, tun kafin wata damina ta zo. Wanda kuma ke da babur da hular kwano da kwana uku na hutu, to, ya je da kaka ya gani da idonsa, gama gani ya kori ji.