Fartanya da Littafin Farawa

A ƙauyenmu da ke ƙasar Malumfashi, a gindin darbejiya ake makarantar Lahadi, domin majami'ar ba ta ɗaukar manya da yara lokaci guda. Malaminmu mai bishara ne na ECWA, dattijo mai sanyin murya. Littafi Mai Tsarkinsa tsohuwar fassarar nan ce ta 1932, wadda Likita Miller na Wusasa ya sha wahalarta, bangon ya mutu har an ɗinke shi da fata.

Mu yara labarin maciji muke ɗoki, shi kuwa ya ƙi kai mu can da wuri. Ya zaunar da mu a sura ta farko ta Littafin Farawa mako bayan mako: haske, ruwa, tsiro, kifi, tsuntsu, kuma bayan aikin sai Allah ya duba ya ga yana da kyau. Da aka zo kan mutum sai ya damƙi ƙasa ya buɗe tafinsa a gabanmu, ya ce daga wannan aka yi Adamu, amma cikin kamannin Allah. Har yau ina ganin daidai ya yi. Yaron da aka fara gaya masa cewa shi mai zunubi ne, kafin a gaya masa aikin hannun wane ne shi, tsoro kawai zai koya.

Sura ta uku a gona na fahimce ta. Ranar wani maimai, ƙuduji ya cinye mana dawa, bayana kamar zai tsinke, na ce da Baba ai duk Adamu ne ya ja mana noma. Ya dogara da fartanya ya ce, “Kai yaro, koma ka karanta. Tun bai taɓa itacen ba aka ba shi gona ya nome ta, ya kiyaye ta. Ƙaya da gumi ne suka biyo baya.” Abin da Kirista ke nufi da faɗuwa ke nan: abu mai kyau ne ya lalace tun daga saiwa, ƙasa da zuciya duka.

Wadda ta fi kowa gardama ita ce Kaka. Bamagujiya ce, ta tashi a gidan da idan an ɓata wa iskoki rai ake yanka kaza ko akuya, magana ta wuce. Da ta ji cewa zunubi gado ne, ta ɗaga jikanta na goye ta ce, “To wannan me ya yi?” Mai bishara ya russuna ya ce, “Iya, a cikin 'ya'yanki wa kika zaunar kika koya wa ƙarya? Ai gaskiya kika sha wahalar koya musu.” Ta yi shiru, amma ba ta gamsu ba. Abokina ɗan makarantar allo ma bai yarda ba. A wurinsu Annabi Adamu ya tuba, Allah ya yafe masa, kowane jariri da tsarki ake haihuwarsa. Muka sha musu a hanyar kiwo, muna cin gyaɗa daga aljihu ɗaya.

Sai da na girma na san cewa tambayar Kaka tsohuwa ce. A kanta Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya kai ruwa rana da Pelagiyus, mai cewa kowa na iya guje wa zunubi da ƙoƙarinsa. Ikilisiya ta bi Agustin, tana dogara da wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa sura ta 5, inda aka jera Adamu da Almasihu: ta wurin ɗaya mutuwa ta shigo, ta wurin ɗayan alheri ya yalwata. Ni ma nan na tsaya, domin na ga mutanen kirki suna aikata abin da su kansu suka tsana.

An yi wa Kaka baftisma a rafi shekaru kaɗan kafin rasuwarta. Batun jarirai kuwa ba ta bari ba, duk faston da aka turo mana sai ta tare shi da shi.